Tafiyata Agege Don Yi wa Alhaji Tafinta

Funtuwa, asubahin Talata

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jakata da ƙullin kuka da daddawa da kwalbar man shanu, na miƙa wa matar babban ɗana makullin ɗakin hatsi, na fita. Cikin daminar 2001 ne, an kwana ana ruwa, layinmu duk ya zama taɓo. Fijon Ɗanlami ce a kan layi a tasha, shi kuwa ɗan unguwarmu ne, ya bar mini gidan gaba ni kaɗai bayan na biya kuɗin mutum biyu, don gwiwoyina ba sa son matsi. Gari bai gama wayewa ba muka ɗau hanyar Birnin Gwari.

Bari in yi wa wanda bai san mu ba bayani. Maigidana, Alhaji, dillalin shanu ne a karar Agege, ya haura shekara talatin yana wannan sana'a. Ni kuwa a Agegen aka haife ni. Fataucin goro ne ya kai mahaifina, can na yi firamare, Yarbanci a bakina kamar Hausa. Bayan aurenmu mun daɗe a can, sai da mahaifiyarsa ta tsufa na dawo Funtuwa jinyarta, zaman da na yi ke nan. Alhaji yakan zo duk bayan wata biyu ko uku. A Agege yana zaune a tsohon gidanmu, 'yarmu Zainabu da mijinta Nasiru kuma suna ɗakunan baya. Na san a nan gida ba a yin haka, suruki da suruki a tsakar gida ɗaya, amma duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Ikko ba zai ga laifinmu ba.

Abin da ya tashe ni shi ne waya. Ranar Lahadi mai kemis ɗin bakin layinmu ya aiko in zo, ana kirana daga Ikko. Zainabu ce. Ta ce fitsari ya tsaya wa babanta, an kai shi asibiti an sa masa roba, an yi gwaje-gwaje, Nasiru ne ya raka shi ya yi tafinta, kuma ya ce likita ya ce sanyin mara ne. Har na fara sauke ajiyar zuciya sai ta rage murya ta ce, "Amma Inna, tun ranar da suka dawo Nasiru bai ci abincin kirki ba. Baba ne ba lafiya, Nasiru ne ke ramewa." Sanyin marar wani ba ya hana wani cin abinci. Na ajiye wayar na wuce gida haɗa kaya.

Birnin Gwari zuwa Jeba

Hanyar nan ba ta san an yi canjin gwamnati ba. An ce soja sun koma bariki, amma ramukan suna nan inda na bar su, shingayen ma haka, tayoyi da katako mai ƙusa. Ɗanlami yakan rage gudu, ya miƙa hannu ta taga, a gaisa, mu wuce. Mazan da ke baya suka yi ta musu kan kuɗin mai da wanda ya kamata a zaɓa nan gaba, kowa da nasa gwanin, babu mai sauraron wani. Ɗanlami ya tambaye ni ko lafiya zan yi Ikko da damina haka. Na ce jikata zan gano.

Da hantsi muka tsaya Tegina aka sha shayi da burodi. Ni kofin kawai na riƙe don ɗumi. Daga nan zuwa Mokwa tireloli ne jere, wasu ɗauke da shanu, samari a zaune a saman ƙarfen suna kaɗa ƙafa, iska na kumbura musu riga. Duk tirelar da muka wuce sai in tuna cewa a ƙarshen hanyarta Alhaji ne ya kamata ya tarbe ta, da sandarsa da faɗansa. Mun yi azahar a Mokwa. A gadar Jeba Kwara ta cika ta yi ja, mata suka yanyame motar da soyayyen kifi a tire. Na sayi biyu don kada in isa gidan mutane hannu rabbana.

Sabon Ibadan

Ilori da Ogbomosho duk cikin ruwa muka ratsa su. Sai bayan magariba muka shiga Ibadan, na sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan yayata Hajiya Ladi. Ta ba ni ruwan zafi na gasa gwiwa, ta ajiye mini amala da miyar wake, irin wadda na yi shekaru ina mafarki. Ita ba a yi mata zancen ganin jika, don haka na faɗa mata gaskiya.

Tana murza carbi ta ba ni labarin nata mijin, wanda ya rasu shekarun baya. Ta ce shi ma da fitsari ya fara, ya koma ciwon baya, ya kwanta. Ƙannensa ne ke shiga wurin likita su fito su ce mata ta yi ta addu'a. Ita ta wanke shi, ita ta juya shi, ita ta ba shi ruwa a cokali, amma har yau ba ta san sunan abin da ya kashe shi ba. "Ke kin ji Yarbanci, kin kuma yi boko," in ji ta. "Ki shiga ɗakin da kanki." Na ji tsoro a daren, ba zan ɓoye ba.

Agege, Laraba

Da sassafe na hau bas ɗin Ikko. Titin ya fi na jiya kyau, amma daga Ojota zuwa Agege sai da rana ta kusa tsakiya, a cikin danfo, ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ake cusa mutum kamar kayan wanki. Ina sauka ƙamshin burodi da warin kwata suka tarbe ni tare, na ce to, na zo gida. Unguwar ta cika fiye da yadda na san ta. Inda muke ɗiban ruwa da yarinta ya zama shaguna, yaran Arewa masu acaba, da a nan ake ce wa okada, sun tare bakin layi suna ta yi mini sannu da zuwa da Hausar garuruwansu.

Na tarar da Alhaji a ɗaki, a kan kujera, cikin babbar riga da tsakar rana, a zafin Ikko. Mutumin da ke yawo da singileti a tsakar gida. Ban tambaya ba, na gane jakar robar yake ɓoyewa a ciki. Ya rame, idanunsa sun faɗa, in zai miƙe sai ya dafe ƙugu. Maimakon maraba faɗa ya yi mini: wa ya ce in taso, wa na bar wa gida, ashe ba a isa a yi ɗan sanyi ba sai an tara dangi. Na bar shi ya gama, na zuba masa ruwa. A kusurwa na ga kwalabe na jiƙo da sassaƙe kala-kala, abokansa na kara kowa ya kawo nasa. Zainabu ta ce ya daina fita masallaci, wai gwiwa.

Da la'asar Nasiru ya dawo daga aiki. Ya cire takalmi tun daga soro, ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa. Yaron kirki ne, haifaffen Agege, Turanci da Yarbanci duk yana zuba su kamar ruwa, amma ranar ko Hausar ma sai da ya nemo ta. Na tambaye shi me likita ya ce. Ya ce sanyin mara ne, Mama, sai a hankali. Yana faɗa gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ban matsa ba, domin ni ma suruka ce a wurinsa, abin da ya kasa faɗa wa Alhaji ba ni zai faɗa wa ba. Da ya tashi na ce wa Zainabu ta gaya wa mijinta gobe ya tafi aikinsa, ni zan raka Alhaji asibiti.

Asibiti, Alhamis

Mun fita da wuri. Danfo zuwa Oshodi, wata danfon zuwa asibiti, Alhaji ya rungume rigarsa ta gefe kamar mai ɗauke da kuɗin shanu, duk wanda ya matso sai ya harare shi. A layin likitan duk tsofaffin maza ne, Yarbawa da Inyamurai da namu biyu-uku, kowa da irin zaman da Alhaji ke yi, kowa yana kallon wani wuri daban.

Likitan dattijo ne mai furfura. Na gaishe shi da Yarbanci, ya ɗago ya dube ni da mayafina, ya yi dariya ya ce wannan Yarbancin Agege ne tsantsa. Da ya buɗe fayil dariyar ta tafi. Ya ce kusan mako uku ke nan yana jiran mu. Ya yi mini bayani a hankali. Akwai wata tsoka a ƙasan mafitsara wadda maza kaɗai ke da ita. Ta Alhaji ta kumbura ta toshe hanyar fitsari, an ɗebi ɗan kaɗan an gwada, ciwon daji ne. Ya ɗaga hoto ya nuna mini wani farin tabo a ƙashin baya, ya ce ya fara taɓa nan. Ya ce irin wannan ciwon, abin da ke ciyar da shi daga 'ya'yan maraina yake fitowa, in aka cire su ciwon yakan lafa, zafi ya ragu, mutum ya samu shekaru. Akwai allura, amma tana da tsada, kuma yau akwai gobe babu. Aikin ƙarami ne. Jinkirin ne babba.

Sai ya ce duk wannan ya faɗa wa saurayin da ya zo wancan karon, amma ya lura shi ya yi dogon bayani, saurayin kuma kalma uku ya faɗa. "Mama, ki gaya masa yanzu a gabana," in ji shi.

Na juya na fuskanci Alhaji. Shekara talatin da huɗu muna tare, 'ya'ya shida, amma ban taɓa ambatar wannan wuri da bakina a gabansa ba, shi ma haka. A nan na daina jin haushin Nasiru. In ni harshena ya yi nauyi haka, ina ga yaron da ko ido ba ya haɗawa da shi? Na ce, "Alhaji, ba sanyi ba ne. Ciwon daji ne, ya fara taɓa ƙashi. Likita ya ce akwai aikin da za a yi, sai an cire..."

"Dandaƙa," in ji Alhaji, idonsa a kan bango. "Na ji tun ranar farko. Shekara talatin ina ciniki da mahautan Yarbawa, wannan kalmar ce za ta wuce ni?"

Ashe ran nan da likita ya ga Turanci bai isa ba ya maimaita da Yarbanci, Alhaji kuma ya kwashe tsaf. Ya ce ya dubi Nasiru ya ga yaron na neman suma, ya ce a ransa in ya nuna ya gane, da wane ido za su ƙara kallon juna a gida ɗaya. Da Nasiru ya ce sanyin mara, sai ya ce to, Allah ya sawwaƙe. Mako uku ke nan kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ciwon kuma yana aikinsa. Na rasa ko in yi kuka ko in yi faɗa. Likita ya tambaye ni me ya ce, na fassara masa, ya dafe kai. Da ya tambayi ranar da za a sa, Alhaji ya miƙe ya ba shi amsa da Yarbancin kara, ba tare da tafinta ba, cewa ba za a yi ba.

Juma'a a Agege

Ranar bai yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Abin da na iya tsinta shi ne yana so in haɗa kaya mu koma Funtuwa, ya koma ga Ubangijinsa yadda ya halicce shi. A gidan kuwa ba wurin magana. Bangon katako ne tsakaninmu da su Zainabu, in ka yi tari a ɗaki sai a ce maka sannu daga tsakar gida.

Na yi abin da mata ke yi. Na je gidan limamin unguwa, na zauna da matarsa, ƙawata ce tun muna 'yan mata. Na ce wata baiwar Allah ce ke tambaya, mijinta kaza da kaza, shin aikin ya halatta, kuma mai roba a jiki ya yake da alwala da jam'i. Ta ce za ta tambaya wa baiwar Allahn. Kafin magariba ta kawo amsa: magani ne, ba laifi, kuma mai irin wannan lalura yana da sauƙi a addini, ya yi alwalarsa ya shiga sahu. Na isar wa Alhaji a takaice ina miƙa masa tuwo. Ya karɓa ya cinye, da man shanun da na taho da shi.

Da zai kwanta ya ce akwai wani mai magani a Ikorodu da mutanen kara ke yabo, gobe zai je. Ya zaci zan hana. Na ce tare za mu.

Hanyar Ikorodu, Asabar

Ba don maganin na yarda ba, don hanyar ce. Daga Agege zuwa Ojota, daga Ojota zuwa Ikorodu, in aka samu cunkoso rabin yini ne, kuma an samu. Muka zauna a kujerar ƙarshe ta danfo, gabanmu mata 'yan kasuwa da kwandunan barkono, gefenmu wani mai wa'azin coci yana ta yi da ƙarfi. Na duba, babu mai jin Hausa. Tun zuwana Ikko ban samu ɗaki mai sirri kamar wannan motar ba.

Shi ya fara. Ya ce, "Hajiya, kin san sunan da ake kiran sa in an yi masa haka. Da hannuna na sha riƙe igiya ana yi." Na ce na sani. Ya ce to shi me zai zama. Ya ci gaba da kwatance, yadda bijimi ke sauya tafiya, yadda kuɗinsa ke sauyawa, yadda yaran kara ke tsokana. Na saurara har wajen Ketu, sannan haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Tun ɗazu kake kawo mini shanu. Ni ban auri sa ba, Alhaji, mutum na aura. Abin da za a cire ya gama aikinsa, ga 'ya'ya shida nan. Wanda ke yi mini faɗa in na cika gishiri a miya, shi ne ban gama da shi ba."

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Can ya ce, to in maganar ta fita a kara fa? Na ce wa zai fitar, Nasirun da ya kasa faɗa maka kai mai abin? Dariya ta ƙwace masa, ya dafe ƙugu don zafi, matan gabanmu suka waiwayo. Daga nan motar ta ci gaba da jan ciki, yara masu sayar da ruwan leda suna bin tagogi.

Kafin mu shiga Ikorodu jakar ta cika. Na yi wa kwandasta magana da Yarbanci cewa baba ba shi da lafiya, suka tsaya ba gardama. Muka sauka gefen titi, na ware mayafina na yi masa labule, na juya baya ina kallon motoci har ya gama. Da muka koma ciki wata cikin matan ta miƙa masa lemon zaƙi.

A Ikorodu ba mu nemi gidan mai maganin ba. Alhaji ya ce mu fara hutawa, muka gangara bakin ruwa inda kwalekwale ke tsayawa, muka zauna a benci, na sayo gasasshiyar masara. A nan ya faɗi abin da ke ƙasan ransa. Ya ce ba wuƙar yake tsoro ba, ba ma dariyar mutane ba. Tsoronsa kada in koma kallonsa da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya gama amfani. Ni ma na faɗi nawa. Na ba shi labarin Hajiya Ladi, na ce ina tsoron in zauna ina juya shi a kan gado alhali an nuna mana ƙofa mun ƙi shiga. Na ce tausayi kuwa kada ya sa rai, faɗan da muka saba ba zan rage masa ko kaɗan ba.

Ya gama masararsa tsaf, ya jefa totuwar a ruwa, ya karkaɗe riga. Ya ce, "Tashi mu koma. Litinin ki gaya wa likitan naki ya sa rana."

Kwanakin jinya

Da muka isa gida na kira Zainabu gefe na ce ta gaya wa mijinta an sauke masa kayan, ya ci abinci. Ta ce a daren sai da ta ƙara ɗora tukunya.

An yi aikin a makon da ya biyo. Na zauna a bencin baranda ina ta jan carbi ban san abin da nake karantawa ba. Bai daɗe ba aka fito da shi. Nasiru ne ke kawo abinci safe da yamma, ya ajiye kwano a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya, ya durƙusa ya ce ya jikin Baba, Alhaji ya ce da sauƙi. Iyakar maganarsu ke nan a kan lamarin, kuma na tabbata iyakarta ke nan har abada.

Likita bai yi mana alkawarin da ba nasa ba. Ya ce ciwon bai fita ba, an dai kwantar da shi, kuma sai an riƙa zuwa ana dubawa. Amma cikin 'yan makonni ciwon bayan ya lafa, daga baya aka cire robar, fitsari ya dawo da kansa. Ranar da ya cire babbar riga ya fito tsakar gida da singileti yana faɗa a kan an bar famfo na zuba, na shige ɗaki na yi kukan da na yi ta ajiyewa tun Funtuwa. Akwai kuma ranakun da zafi ke taso masa ya jiƙe da gumi ba dalili, da ranakun da yake yin shiru ya ƙi kowa. A irin waɗannan nakan zauna kusa in yi ta tsintar wake. Ya koma masallaci, ya leƙa kara, aka ce masa sannu da sanyi, ya ce yauwa.

Komawa gida

Sai da damina ta ja baya muka taso. Nasiru ya kai mu tasha, ya ɗaure kaya, sannan ya durƙusa a gaban Alhaji a cikin jama'a. Alhaji ya dafa kansa ya ce, "Allah ya ba ka 'ya'ya masu jin kunyarka." Yaron ya sunkuyar da kai yana kuka.

Mun kwana Sabo, Hajiya Ladi ta dubi Alhaji ta dube ni, ta ce alhamdu lillahi sau uku. Washegari Ilori, Jeba, Mokwa, Tegina, shingayen suna nan, ramukan sun ƙaru. Alhaji ya sayi kifi a gada ya yi ta ƙorafin an cuce shi. Da la'asar sakaliya muka shiga Funtuwa.

Kashegari soro ya cika da 'yan dubiya, sa'o'insa, masu furfura. Ina tsakar gida ina dama fura, ina jin su ta bango. Wani ya tambaya wai me ya same shi ne haka. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran in ji sanyin mara. Sai na ji muryar Alhaji, irin wadda yake yanke ciniki da ita: "Ciwon daji ne, an yi mini aiki. Duk wanda fitsari ke ba wahala a cikinku ya je asibiti tun da wuri. Kuma ya tafi da matarsa, kada ya tafi da surukinsa." Babu wanda ya yi dariya. Bayan magariba matar ɗaya daga cikinsu ta shigo, ta zauna a bakin tabarma, ta yi ta zancen tsadar tumatir, sai da za ta tashi ta tambaye ni ko in mace ta shiga ɗakin likita ana korarta. Na ce ta zauna tukuna.

Alhaji ne ma ya ce in rubuta wannan, da na ce ina jin nauyi ya ce nauyin ne ya kusa kai shi. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da mu biyu. Na gode wa Hajiya Ladi da masaukinta, da likitan da ya ƙi yarda da kalma uku, da matar liman, da Zainabu da mijinta. Wata mai zuwa za mu sake bin hanyar don a duba shi, kuma ban san abin da hoton zai nuna ba, shi ma bai sani ba. Yanzu haka yana soro yana kira, wai furar ta yi tsami. Bari in je in ba shi amsa.